Naira 720,720 da yadda ta hana ni barci a makon nan

Tun ranar Laraba nake son in zauna in rubuta wannan abu amma kasuwa bata bari ba, sai yau Juma'a da na dawo daga masallaci nace wallahi ko me za'a yi sai na rubuta shi tun kafin ya huce a raina. Magana ce akan lamba guda ɗaya tak, 720,720, wato dubu ɗari bakwai da ashirin da ɗari bakwai da ashirin, wadda ta faɗo mana a layinmu a Kantin Kwari ba tare da wani ya neme ta ba, kuma tun daga ranar ta hana ni sakat.

Ga yadda akayi. Mu 'yan layi mun daɗe muna maganar mu haɗa kuɗi a saka mana sola ta haɗin gwiwa, ba wata babba ba, wadda dai zata ɗauki fitilu da fanka ɗai-ɗai da cajin waya da na POS, don kuɗin man janareta ya ishi kowa. Mai haɗa solar yazo ya dudduba, ya rubuta kuɗin fanel da batir da inbata da waya da ladan aikinsa har da na 'yan dako, da aka tara sai ya tashi naira 720,720. Ni nake riƙe da littafin shagon Kawu kuma duk layin an san ni da son lissafi, sai akace toh kai zaka raba. A lokacin shago goma sha biyu ne suka amince, na danna kalkuleta ta bani 60,060 cif, ba ko kwabo a kai. Ban kawo komai a raina ba. Washegari mai leshi na kusa damu yace shima a saka shi, mun zama sha uku kenan, na sake dannawa na ga 55,440, nan ma ba saura. Nan na ɗan tsaya, saboda duk wanda yake rabon kuɗi ya san sha uku lamba ce mai taurin kai, da wuya kaga kuɗi sun rabu da ita lafiya. Kafin la'asar wani ya ƙaru, sha huɗu, 51,480. Wani kuma, sha biyar, 48,048. A nan ne jikina ya bani cewa ba banza ba, na juya nace Kawu in mutum na sha shida yazo ma zata rabu, yace kai dai da lissafinka. Ai kuwa yazo, 45,045, cif-cif.

Sai tela na ƙarshen layi yazo ya zama na sha bakwai. Na danna, kowa 42,395, saura naira 5. A karon farko kenan da ta bar saura.

Da daddare bayan isha'i na ɗauki biro da bayan wani kwalin atamfa na zauna farke ta, kamar yadda tela yake farke riga don yaga yadda aka ɗinka ta. Akwai lambobin da babu abin da yake raba su sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, a makaranta firam muke ce musu, ni kuma gagara-rabo nake kiransu don sunan yafi zauna min a baki. Duk wata lamba da ka sani a duniya, in ba ita kanta gagara-rabo bace, toh ninkin su ce, kuma hanya ɗaya ce tak ake haɗa ta dasu, ba biyu ba. Na fara raba ta biyu: 360,360. Na ƙara: 180,180. Na ƙara: 90,090. Na ƙara: 45,045, nan ta zama mara, biyu ta ƙare. Na koma uku: 15,015, sannan 5,005, uku ma ta ƙare. Biyar ta bani 1,001. Bakwai ta bani 143. Sha ɗaya ta bani 13, shikenan an zo ƙarshe. Kaga kayan haɗinta kenan, biyu har sau huɗu, uku sau biyu, sai biyar da bakwai da sha ɗaya da sha uku kowacce sau ɗaya. Da na jera su haka a gabana sai komai ya fito fili. Sha huɗu ai biyu ce da bakwai, duk suna ciki. Sha biyar uku ce da biyar, suna ciki. Tara tana son uku guda biyu, akwai. Sha shida tana son biyu guda huɗu, akwai su daidai ba ƙari ba ragi. Sha bakwai kuwa gagara-rabo ce kuma ba'a zuba ta a tukunyar ba tun farko, don haka ba yadda za'ayi ta shiga.

Abin da yafi burge ni shine ba wai kawai tana rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16 bane, ita ce mafi ƙanƙanta a duk lambobin da suke iya haka. Rabinta, 360,360, tana kaiwa har 15 amma a 16 take tsayawa. In daga 1 zuwa 10 kake so, 2,520 ta ishe ka, in zuwa 12 ne 27,720. Wannan fa shine LCM ɗin da aka koya mana a firamare, kuma har yau abin yana min ciwo yadda aka koya mana shi, a rubuta 4 da 6 a allo ace nemo, in ka kuskure ka miƙa hannu a zane ka, babu wanda ya taɓa tsayawa yace mana yara wannan fa amsar tambaya ce mai sauƙi, wane kuɗi ne mafi ƙanƙanta da mutum huɗu zasu raba ba rigima kuma mutum shida ma su raba ba rigima. Da haka aka faɗa mana, mu da muka tashi muna raba rake da gyaɗa da kuɗin tashe tsakaninmu, wallahi rabin ajin da suka tsani lissafi da basu tsane shi ba.

Sai kuma maganar kamanninta, 720 sau biyu a jere. Wannan ba ado bane kawai. Duk lamba mai gida uku da ka rubuta sau biyu a jere, ninka ta kayi da 1,001, kuma 1,001 ba komai bace illa 7 sau 11 sau 13. Da safe na gwada wa yaron shagonmu, nace ya zaɓi lamba mai gida uku kar ya faɗa min, ya rubuta ta sau biyu a kalkuleta. Ashe 358 ya zaɓa, ya rubuta 358,358. Nace raba da 7 ba zaka ga saura ba, ya samu 51,194. Nace raba da 11, ya samu 4,654. Nace raba da 13 zaka ga abinka ya dawo, sai ga 358 a fuskar kalkuleta. Ya ɗago ya kalle ni yace Yaya don Allah ya akayi ka sani, nace ban san lambarka ba, 1,001 na sani. Ya wuni yana yi wa yaran maƙwabta. Kuma in ka koma ka duba kuɗin da muka riƙa samu a rabon sola zaka ga wannan sirrin a ciki: 60,060 da 48,048 da 45,045 duk suna maimaita kansu saboda 720 ɗin kawai aka taɓa, 1,001 tana nan lafiya, amma 55,440 da 51,480 basu maimaita ba saboda an ciro 13 a ɗaya an ciro 7 a ɗayar, an fasa 1,001 ɗin kenan.

Toh lambobi nawa ne gaba ɗaya suke shiga cikinta ba saura? Ba sai ka zauna gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Duk lambar da zata raba ta dole daga kayan haɗin nan za'a haɗa ta. A wajen biyu kana da zaɓi biyar, ko kar ka ɗauka sam, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, ko duka huɗun. A wajen uku zaɓi uku. Biyar da bakwai da sha ɗaya da sha uku kuma kowacce zaɓi biyu ne, ka ɗauka ko ka bari. Ka ninka 5 da 3 da 2 da 2 da 2 da 2, ka samu 240. Lambobi ɗari biyu da arba'in, daga 1 har ita kanta. Suna tafiya ne biyu-biyu, ƙarama da babba, 2 da 360,360, 16 da 45,045, haka haka har tagwaye 120, waɗanda suka fi kusa da juna sune 840 da 858. Wato da ace bulo 720,720 gareka kana son shimfiɗa su a fili mai kusurwa huɗu ba tare da ka fasa ko ɗaya ba, hanya 120 gareka, amma ba zaka taɓa samun tsawo da faɗi su zo daidai ba.

Da na ambaci 240 ɗin nan a shago sai Kawu ya ajiye carbinsa yace ɗan nan ai wannan fam ce. Nace fam kuma Kawu? Yace lokacin da yake yaro yana bin mahaifinsa kasuwa, fam ɗaya sule ashirin ce, sule ɗaya kuma kwabo goma sha biyu, kaga fam kwabo 240 kenan. Ya shiga lissafo min su, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, ahu kwabo ɗaya da rabi, fataka sule biyu. A watan Janairun 1973 aka sauya zuwa naira da kwabo ɗari, naira ɗaya ta tsaya a matsayin sule goma. Yace shi abin da ya fara lura dashi bayan canjin shine mutum uku basa iya raba naira, dole kwabo ɗaya ya rage, alhali fam in mutum uku zasu raba kowa sule shida da kwabo takwas, an tashi lafiya. Na duba na ga gaskiyarsa ce, lambobi 9 ne kawai suke raba 100, amma 240 guda 20 ne suke raba ta. Zuwan 240 a wurare biyun nan dace ne kawai, ba wata alaƙa ta lissafi a tsakani, amma dacen ya buɗe bakin Kawu ya bani abin da ban taɓa ji daga gareshi ba duk shekarun da nayi a shagon. A ra'ayina ɗari tafi sauƙin rubutu da tarawa, wannan ba musu, amma a wajen rabo tsohon kuɗi yafi ta adalci nesa ba kusa ba.

Ashe irin waɗannan lambobin dangi guda ne kuma an daɗe da saninsu. Ana samun lambar da yawan masu raba ta yafi na duk wata lamba da take ƙasa da ita, ni sarakan rabo nake ce musu. Suna farawa ne 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360, 720, 840, su wuce 2,520 da 5,040 suyi ta tafiya ba iyaka. Ka sake kallon jerin nan da kyau, zaka ga duk 'yan gida ne. Dozin 12, awa 24 a yini da dare, minti 60 wanda muka gada tun daga mutanen Babila, digiri 360 na da'ira. Mu nan Kano ma ba sai an je nesa ba, izu sittin. In za'ayi sauka a zaure, ko mutum biyu ne ko uku ko huɗu ko biyar ko shida ko goma ko sha biyu ko sha biyar ko ashirin ko talatin, kowa zai ɗauki rabonsa daidai ba wanda aka ɗora wa ƙari. Aflatun na Girka ma da yake tsara yadda yake ganin birni ya kamata ya kasance, gida 5,040 ya zaɓa saboda yadda take rabuwa, lambobi 60 ne suke shiga cikinta. Ita tamu 720,720 tana cikin sarakan nan, kuma a ƙasa da miliyan ɗaya babu lambar da ta fi ta yawan masu rabawa. Akwai huɗu da suka yi kunnen doki da ita a 240 ɗin, 831,600 da 942,480 da 982,800 da 997,920, amma ita ta riga su isowa, kuma ba wadda ta wuce ta sai an haura miliyan an kai 1,081,080 mai guda 256.

Wanda ya zauna ya yi wa dangin nan nazari na sosai wani ɗan kudancin Indiya ne, Ramanujan, a wani dogon rubutu da ya fitar a 1915. Labarinsa yana taɓa min zuciya duk sanda na tuna. An haife shi a 1887 a gidan da ba masu hali ba, yayi aikin akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras, yana riƙe da littafin kuɗin wasu yana cika nasa littattafan da lissafin da ba wanda ya saka shi. A 1913 ya aika wa wani masanin lissafi mai suna Hardy wasiƙa zuwa Kambirij ta Ingila, shekara ta zagayo ya tafi can, ya rasu a 1920 yana da shekara 32 kacal. A cikin sarakan rabon ya sake ware wasu 'yan kaɗan da suka fi sauran, kamar ace sarakuna masu daraja ta ɗaya: 2, 6, 12, 60, 120, 360, 2,520, 5,040, 55,440, sai ta goma 720,720. Kowacce zaka same ta ne in ka ninka wadda ta gabace ta a jerin da gagara-rabo guda ɗaya. Ka lura da ta tara kuwa? 55,440, kuɗin da kowa zai biya lokacin da muke mu sha uku. Wato mun riƙe biyu daga cikinsu a hannu a rana ɗaya muna ta cinikin batir bamu sani ba.

Akwai wani rabe-raben kuma wanda ya girmi wannan da nisa. Ka ɗauki lamba ka tara duk masu raba ta banda ita kanta. In jimillar tazo daidai da lambar, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28, ko 496, ko 8,128, malaman hisabi na Larabawa suna ce mata tammu, cikakkiya. In bata kai ba, kamar 8 da 1 da 2 da 4 suke bada 7, naƙisa ce. In ta wuce, kamar 12 da take bada 16, za'ida ce. Wani Bagirke Nikomakus ne ya rubuta rabon nan wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabitu bin Ƙurra ya juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Tamu za'ida ce ta ƙin ƙarawa, in ka tara lambobi 239 ɗin da suke ƙasa da ita zaka samu 2,529,072, ya ninka ta sau uku da rabi har da ɗoriya. Kuma wannan yawan ba abin wasa bane a wajen masana. Akwai tambayar da Riemann na Jamus ya bari tun 1859 akan yadda gagara-rabo suke warwatse a cikin lambobi, wadda aka saka wa ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000 kuma har yau ba wanda ya karɓa. A 1984 wani Bafaranshe Robin ya nuna cewa tambayar daidai take da wata iyaka da jimillar masu raba lamba bata tsallakewa ga duk lambar da ta haura 5,040, kuma in har akwai masu tsallakewa, toh za'a samu a cikin irin waɗannan masu cikar tumbatsa ne, dangin su 55,440 da 720,720. Ita dai tamu bata tsallake ba.

Sauran ƙananan halayenta in faɗe su a gurguje. In ka tara gidajenta, 7 da 2 da 0 da 7 da 2 da 0, zaka samu 18, kuma 18 tana raba ta, 40,040. Daga 720,722 har 720,736, lambobi goma sha biyar a jere, babu gagara-rabo ko ɗaya, saboda wadda ta ɗara ta da 2 zata rabu da 2, wadda ta ɗara ta da 3 zata rabu da 3, haka har 16. In sakan ne, kwana 8 ne da awa 8 da minti 12 daidai. A harshen kwamfuta na sifili da ɗaya gida ashirin take ci, 10101111111101010000. Da kuma a zamanin wuri ne, lokacin da keso ɗaya yake wuri 20,000, keso 36 ne da wuri 720 a hannu.

Amma inda nafi jin daɗin abin gaba ɗaya shine ranar Alhamis bayan magariba a zauren Malam, wanda muke ɗaukar karatun fara'id a wajensa. Duk wanda ya taɓa zama a karatun gado ya san rabon da aka ƙayyade guda shida ne, rabi da rubu'i da sumuni, sai sulusi biyu da sulusi da sudusi. Daga nan ake fitar da asalin mas'ala, 2 ko 3 ko 4 ko 6 ko 8 ko 12 ko 24, kuma fitar da asalin nan ba komai bane illa LCM ɗin da ake zane mu akansa, malamanmu na zaure sun daɗe suna yinsa da ka tun kafin a kawo allon boko garin nan. Ko Alkawarizmi da ya rubuta littafin da aka samo kalmar aljabara daga sunansa, a Bagadaza wajen shekara ta 820, kaso mai yawa na littafin akan wasiyya da gado yake. Sai kuma auli, wato in rabon magada ya taru yafi asalin yawa sai a ɗaga asalin kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado: 6 tana hawa 7 ko 8 ko 9 ko 10, 12 tana hawa 13 ko 15 ko 17, 24 kuma 27 kawai take hawa. Bayan an shafa nace Allah ya gafarta Malam ina da wata lamba da nake son a gwada ta da asalai, yace kawo ta. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, asalan bakwai duk ta shanye, 7 da 8 da 9 da 10 ta shanye, 13 da 15 ma haka. Malam ya kawo mas'alar mace ta rasu ta bar miji da 'ya'ya mata biyu da uwa, miji rubu'i, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi, asali 12 ya hau 13. Kashi ɗaya 55,440, miji kashi uku 166,320, 'ya'ya kashi takwas 443,520 kowacce 221,760, uwa kashi biyu 110,880. Na tara a gabansa ya dawo 720,720 ba ko kwabo da ya faɗi.

Malam yayi murmushi yace toh kawo ta mimbari. Yana nufin mas'alar nan da ake kira Mimbariyya, wadda ake danganta amsarta ga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, cewa an tambaye shi yana kan mimbari ya amsa nan take cewa sumunin matar, wato ɗaya cikin takwas, ya koma tusu'i, ɗaya cikin tara. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa, asali 24, mata kashi 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4, ya tashi 27. A nan lambar tawa ta durƙusa, domin 27 uku take so har guda uku ita kuma biyu gareta, in ka raba sai naira 9 ta rage. Amma ka ji wani abu, rabon matar shi ya fita tsaf, da sumuni ne 90,090 zata samu, da ya koma tusu'i sai ta samu 80,080, na iyaye da na 'ya'ya ne suka zo da ɓarin kwabo, uba 106,773 da sulusin naira. Kaga a duk asalai da aulinsu biyu ne kawai suka gagare ta, 17 da 27. In kana son wadda zata ɗauki 27 sai ka ninka ta uku, 2,162,160. In 17 kake so, 12,252,240. In duka biyun, 36,756,720, wadda lambobi 640 suke rabawa kuma itama tana cikin sarakan rabo. Malam ya ja hankalina cewa wannan fa asali ne kawai, in aka zo raba kaso akan kawunan magada, misali 'ya'ya goma sha tara, sai an sake gyaran mas'ala, nace haka ne Allah ya gafarta Malam. Ya karɓi kwalin nawa ya daɗe yana dubawa ta ƙarƙashin gilashi sannan yace in kwafe masa a takarda mai kyau in kawo masa ranar Asabar.

Maganar sola kuwa, mu sha bakwai kowa ya tura 42,395, Kawu ya cika naira biyar ɗin ya tura 42,400, an kawo kaya ana ta aikin jan waya. Jiya kuma da zamu tashi mai huluna na bakin kwana ya tare ni yace ko da sauran wuri, na tambayi mai haɗawa yace batirin zai ɗauki shago ɗaya amma daga shi a rufe. In ya shigo mun zama sha takwas, kowa 40,040, kuɗinsa za'a raba wa na farko, mutum sha shida kowa a mayar masa 2,355, Kawu a mayar masa 2,360. Na riga na rubuta a bayan littafin shago, gobe da safe in Allah ya kaimu zan kai wa 'yan layi su gani.